Koyar da Tarihin Jihar Borno ta Hanyar Intanet: Misali daga Mafoni

1.0 Gabatarwa

Darasin Tarihi ya daɗe yana fama da rashin gata a makarantun Nijeriya. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda aka fitar a 2007, ta cire shi daga jerin darussa masu cin gashin kansu a firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin Nazarin Zamantakewa. Sai a 2018 ne Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ta fito da sabuwar manhajar Tarihi, sannan a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da malaman da za su koyar da ita. A tsakanin waɗannan shekaru an yaye malamai da dama da ba su taɓa zama a ajin Tarihi ba, littattafan darasin kuma suka yi ƙaranci a kasuwa.

A Jihar Borno lamarin ya fi tsanani. Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya jawo ƙone makarantu da raba jama'a da garuruwansu, ya kuma sa kai ɗalibai ziyarar gani da ido a wurare irin su Kukawa da Dikwa ya zama abu mai wuya. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumba 2024 ta mamaye unguwanni da yawa na birnin, takarda kuwa ba ta jure ruwa. Saboda haka malami da ɗalibi duk sun koma ga wayar hannu, domin ita ce ɗakin karatun da ya fi kusa da su.

Wannan maƙala za ta duba abin da intanet ta tanada game da tarihin Borno, da irin giɓin da ke cikinsa, da yadda malami zai tace shi kafin ya shiga aji. An ɗauki Mafoni, ɗaya daga cikin mazaɓu 15 na ƙaramar hukumar birnin Maiduguri, a matsayin misali. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, kayan da ke intanet suna da yawa kuma suna da daraja, amma mafi yawansu baƙi ne suka rubuta su da harsunansu, don haka ba za su wadatar ba sai an haɗa su da abin da mutanen ƙasa suka rubuta da abin da dattawa suka riƙe a ka.

2.0 Jiha da Daula

Kafin malami ya fara bincike, ya kamata ya bambance abubuwa biyu da suna ɗaya ya haɗa. Jihar Borno ƙirƙirar gwamnati ce ta kwanan nan. A 1967 aka kafa Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, a 1976 aka raba ta aka fitar da Borno, sannan a 1991 aka yanke Yobe daga cikinta. Daular da Hausawa suka sani da Barno kuwa ta girmi waɗannan iyakoki da ɗaruruwan shekaru, kuma ba ta tsaya a cikinsu ba.

Tushen daular yana Kanem, gabas da Tafkin Cadi, a ƙasar Cadi ta yau. A can ne Mai Hume na gidan Saifawa ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 11, kuma daga zamaninsa ake ƙirga sarakunan Musulmi na gidan. Yaƙe-yaƙe da Bulala ne suka tilasta wa Saifawa ƙaura zuwa yammacin tafkin a ƙarshen ƙarni na 14. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen 1472, ya kasance fadar daular har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci shi, kuma kufansa yana cikin Jihar Yobe a yau. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, sarautar Saifawa ta ƙare a 1846, Rabe ya rushe Kukawa a 1893 ya zauna a Dikwa, Faransawa kuma suka kashe shi a Kusuri, cikin Kamaru ta yau, ranar 22 ga Afrilu 1900. Bayan haka Ingila da Jamus da Faransa suka raba ƙasar a tsakaninsu. Dikwa ta faɗa hannun Jamusawa, ta koma ƙarƙashin riƙon Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ce ta tabbatar da ita a cikin Nijeriya.

Wannan yana nufin cewa wanda ya taƙaita bincikensa ga kalmomin "Jihar Borno" zai sami jerin gwamnoni da ƙananan hukumomi, ya rasa Kanem da Gazargamu. Wanda kuma ya tsaya ga daular kaɗai zai manta da Babur da Bura na ƙasar Biu, da Margi, da Kibaku na Chibok waɗanda suka yi wa sojojin Ingila turjiya a duwatsunsu a 1906, da al'ummomin tsaunukan Gwoza, da Larabawan Shuwa. Tarihin jiha na gaskiya dole ya ɗauki duka biyun.

3.0 Mafoni a Idon Intanet

Idan ɗalibi ya rubuta "Mafoni" a injin bincike, galibin abin da zai fito masa bai wuce sakamakon zaɓe da labaran yau da kullum ba. Idan kuwa ya rubuta "Maifoni", yadda Turawan farko suka rubuta sunan, sai wata ƙofa ta buɗe. Zai ga cewa a 1902 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta shigo Barno, ta kafa sansanin soja a Mafoni, a kan tudu kusa da kogin Ngadda. A shekarar ne Shehu Abubakar Garbai ya bar Dikwa ya dawo ɓangaren da Ingila ta mamaye. Ya zauna a Monguno, ya koma Kukawa da niyyar raya ta, daga bisani a 1907 ya kafa sabuwar fada a Yerwa, kusa da sansanin na Mafoni. Daga wannan maƙwabtaka ta fada da bariki ne birnin Maiduguri na yau ya tsiro.

Zai kuma ci karo da labarin wasu 'yan'uwa biyu Turawan Ingila. Claud Alexander ya rasu a Mafoni a Nuwamba 1904, a lokacin da ayarinsu ke binciken ƙasa daga Neja zuwa Nilu. Ɗan'uwansa Boyd Alexander, wanda ya wallafa labarin tafiyar a littafinsa From the Niger to the Nile a 1907, an kashe shi a 1910 a yankin Wadai, aka kawo gawarsa Mafoni aka binne kusa da ta ɗan'uwansa. Budurwarsa Olive MacLeod ta taso daga Ingila don ta ga kabarin, ta kuma rubuta nata littafin tafiya wanda ya fito a 1912. Waɗannan littattafai sun fita daga ƙangin haƙƙin mallaka, ana karanta su kyauta a taskar Internet Archive, da hotunansu da taswirorinsu.

A nan ne giɓin yake bayyana. Mafonin da ke cikin waɗannan littattafai bariki ne da kaburburan baƙi biyu. Mutanen da sojoji suka tarar a wurin, da bulamansu, da rijiyoyinsu, da malaman tsangayarsu, da yadda suka ji da sabon maƙwabci mai bindiga, ba su sami shiga ba sai a matsayin masu ɗauko ruwa da itace. Abin da ya sami Mafoni shi ne ya sami tarihin jihar baki ɗaya a intanet, sai dai a ƙaramin sikeli.

4.0 Taskokin da Malami Zai Iya Amfani da Su

4.1 Rubuce-rubucen 'yan ƙasa

Barno tana cikin ƙasashen Afirka ƙalilan da suka rubuta tarihinsu da hannunsu tun da daɗewa, kuma daga nan ya kamata a fara. Akwai Diwani, jerin sarakunan Saifawa da tsawon mulkin kowannensu, wanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sami kwafensa a Kukawa a farkon shekarun 1850, ya kuma taƙaita shi a juzu'i na biyu na littafin tafiyarsa. Akwai littattafai biyu na Imam Ahmad bin Furtuwa, babban limamin Mai Idris Alauma, waɗanda ya rubuta a 1576 da 1578 a kan yaƙe-yaƙen sarkin a Barno da Kanem. Akwai wasiƙar da Mai Usman bin Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391, yana kukan cewa wasu Larabawa suna kama talakawansa Musulmi 'ya'ya suna sayarwa. Al-Ƙalƙashandi ya adana ta a cikin Subh al-A'sha, wanda ake samu a ɗakunan karatu na Larabci na intanet irin su Maktaba Shamila. Malamin Larabci na makaranta zai iya taimaka wa malamin Tarihi wajen karanta ta.

Har wa yau akwai muhawarar da aka yi ta wasiƙu tsakanin al-Kanemi da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙar Barno, wadda Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri na 1812. Littafin yana da fassarar Hausa, kuma muhawarar darasi ce mai kyau ga ɗaliban babbar sakandare, domin tana nuna musu malamai biyu da suka saɓa suna kafa hujja da ladabi.

Taskar da ta fi ban sha'awa a wannan fanni ita ce ta makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wato SOAS. A shafinta akwai hotunan tsoffin Alƙur'anai na Barno masu ɗauke da sharhi a gefe da tsohon harshen Kanembu cikin rubutun ajami. A. D. H. Bivar ne ya fara ɗaukar hoton wasunsu a ƙarshen shekarun 1950, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da 1669, kuma Dmitry Bondarev ya jagoranci nazarinsu a wannan ƙarni. Yaron da ya fito daga tsangaya, wanda ya saba da rubutun allo irin na Barno, zai gane hannun da ke cikin waɗannan shafuka tun kafin malaminsa na boko ya gane.

4.2 Littattafan matafiya da na 'yan mulkin mallaka

Wannan shi ne kaso mafi girma. Denham da Clapperton da Oudney sun iso Kukawa a 1823, littafin tafiyarsu ya fito a 1826, kuma a ciki akwai bayanin ganawa da al-Kanemi da zanen barade masu sulke da lifidi. Barth ya wallafa nasa a 1857 zuwa 1858. Gustav Nachtigal ya iso a 1870 ya bayyana fadar Shehu Umar da kasuwar Kukawa dalla-dalla. Labarin yaƙin Kusuri ta bakin Faransawa yana cikin littafin Emile Gentil na 1902, wanda ake samu a Gallica, taskar Babban Ɗakin Karatu na Faransa. Daga baya H. R. Palmer, wanda ya yi Razdan na Lardin Barno, ya tattara takardun mahram da jerin sarakuna da labaran baka ya fassara, ya buga a 1928 da 1936.

4.3 Muryoyi uku daga ƙasa

Akwai mutum uku da bauta ta fitar daga wannan yanki, labarinsu ya tsira daga bakinsu, kuma duk ana samunsa a intanet. Na farko Ali Eisami, ɗan wani malami daga lardin Gazir, wanda ya ga faɗuwar Gazargamu yana saurayi, aka kama shi aka sayar, jirgin Ingila ya 'yanto shi zuwa Saliyo a 1818. Shi ya ba S. W. Koelle labarai da tatsuniyoyi da karin magana na Barbarci da aka buga a 1854. Na biyu Muhammad Ali bin Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa kuma ɗan Barka Gana, jarumin al-Kanemi da Denham ya ambata. Bauta ta kai shi Turabulus da Santambul da Rasha, ya shiga sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka a 1863, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Jami'ar North Carolina ta sa cikakken littafin a shafinta.

Na uku shi ya fi shafar malamin Hausa, wato Dorugu. Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram da aka kama yana yaro aka kai Kukawa. Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, ya isa Ingila a 1855. A can J. F. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Labarinsa yana cikin zube mafi daɗewa da aka rubuta da Hausar boko, kuma yana nuna Kukawa ta idon yaro bawa, ba ta idon baƙon sarki ba.

4.4 Binciken masana na zamani

Kundin Tarihin Afirka na Hukumar UNESCO yana nan kyauta a shafin hukumar. Dierk Lange ya rubuta babi a kan yankin Cadi a juzu'i na 3 da na 4, Bawuro Barkindo ya rubuta a kan Kanem-Barno a na 5, Murray Last kuma ya haɗa Sakkwato da Barno a na 6. Ga malamin da ke da ƙarancin lokaci, waɗannan babuka huɗu su ne mafari mafi aminci. Mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya tana cikin taskar JSTOR, wadda ke ba mai rajista damar karanta wasu maƙalu kyauta. Shirin ceto takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya sa hotunan wasu takardun Arewacin Nijeriya a intanet.

Binciken kufai ya tura tarihin yankin baya ƙwarai. Graham Connah ya haƙa tudun Daima a tsakiyar shekarun 1960. Haɗin gwiwar Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri ya gano mazaunan Gajiganna na kusan shekara 1800 kafin Miladiyya, ya kuma tono kwalekwalen Dufuna a 1994, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Dufuna tana cikin Yobe a yau, amma lokacin da aka gano kwalekwalen tana cikin Jihar Borno, wanda wannan ma wata shaida ce ga abin da aka faɗa a sashe na biyu.

5.0 Matsalolin da ke Tattare da Waɗannan Taskoki

Matsala ta farko ita ce rubutun sunaye. Injin bincike ba ya sanin cewa Borno da Bornu da Bornou da Barno ƙasa ɗaya ce. Kukawa tana fitowa a matsayin Kuka ko Kouka. Rabe shi ne Rabih da Rabeh da Rabah. Alauma shi ne Alooma da Aloma da Alawma. Gazargamu kuwa ana rubuta ta Ngazargamu ko Gazargamo, wasu matafiya ma "Birni" kawai suke kiranta. Malamin da bai san wannan ba zai ɗauka babu kome a kan batunsa, alhali yana tsaye a bakin rumbu.

Ta biyu ita ce saɓanin shekaru. Wani shafi zai ce Idris Alauma ya yi mulki daga 1571 zuwa 1603, wani ya ce daga 1564 zuwa 1596. Dalili shi ne Diwani yana ba da tsawon mulki ne, ba shekarar hawa ba, sai masana su ƙirga baya daga wata shekara da aka tabbatar. Lissafin farko na masanan da suka gabata ne, na biyu kuma na Lange ne. Bai kamata a ɓoye wa ɗalibai wannan saɓani ba. Bayyana musu dalilinsa ya fi haddace kowace shekara amfani.

Ta uku ita ce son zuciyar marubuta. Matafiyan ƙarni na 19 baƙin fada ne, abin da fada ta nuna musu shi suka gani, sun kuma zo da ra'ayin zamaninsu game da baƙar fata. Palmer ya ceci takardu masu yawa, amma ya cika sharhinsa da ƙoƙarin danganta kowace sarauta da kowace kalma da Gabas ta Tsakiya bisa kamannin sauti kawai, abin da masana suka yi watsi da shi. Ita ma fada tana da nata buri. Diwani ya danganta Saifawa da Saifu bin Zi Yazan na Yaman, Bin Furtuwa kuma yabon ubangidansa yake yi, don haka al'ummomin da Idris Alauma ya yaƙa ba su da mai faɗin nasu ɓangaren a littafinsa.

Ta huɗu ita ce harshe. Kusan duk abin da aka lissafa a sama da Ingilishi yake ko Faransanci ko Jamusanci ko Larabci. Abin da ke akwai da Hausa, kamar maƙalun Wikipedia ta Hausa, galibi gajeru ne, kuma da yawansu fassara ce daga Ingilishi wadda ta kwaso kurakuran asali. Na'urorin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya su ma daga wannan rijiya suke sha, kuma sukan ba da suna ko shekarar da ba ta da tushe cikin cikakkiyar natsuwa.

Ta biyar ita ce hanyar isa ga kayan. A Mayu 2013 an katse layukan wayar hannu a jihar na tsawon watanni saboda dokar ta-ɓaci. A Janairu 2021 an lalata turakun wutar lantarki da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu. Duk tsarin koyarwa da ya dogara ga samun intanet a cikin aji a kowace rana, an gina shi a kan yashi.

6.0 Samfurin Darasi a kan Mafoni

Ga misalin yadda za a haɗa waɗannan abubuwa a darasi na zama uku ga aji uku na ƙaramar sakandare. Ba a buƙatar kome sai wayar malami da allo da 'yan takardu da aka buga.

A zama na farko malami zai rubuta sunayen unguwannin Yerwa a allo: Shehuri, Limanti, Hausari, Fezzan, Mafoni. Ɗalibai masu jin Barbarci za su bayyana cewa Shehuri wurin Shehu ne, Limanti wurin liman, Hausari kuma mazaunin Hausawa. Malami zai nuna Fezzan a taswirar Libiya, ya tambaye su yadda sunan wani yanki na hamada ya zo tsakiyar Maiduguri. Daga nan hanyar fatauci ta Turabulus da Murzuk da Bilma zuwa Kukawa za ta shigo darasi da kanta.

A zama na biyu zai raba musu sakin layi biyu ko uku daga bayanin Alexander ko MacLeod a kan "Maifoni", waɗanda ya riga ya sauke ya fassara da Hausa. Za su amsa tambayoyi huɗu: Wa ya rubuta? Yaushe? Don wa ya rubuta? Wane ne ba a ji muryarsa ba? Aikin gida shi ne kowane rukuni ya sami dattijo ko dattijuwa a unguwa, da izinin iyaye da sanin bulama, ya tambayi abin da suka ji daga kakanninsu game da asalin unguwar da zuwan Turawa.

A zama na uku za a ajiye bayanan biyu gefe da gefe, a dubi inda suka dace da inda suka saɓa. Za a kwatanta tsohuwar taswira da hoton tauraron ɗan'adam na birnin, ɗalibai su yi ƙoƙarin gano inda kogi da fada da tudun bariki suke. A ƙarshe kowane rukuni ya rubuta shafi ɗaya da Hausa ko Barbarci. Malami a Biu ko Bama ko Gwoza zai iya bin wannan tsari da sunan garinsa.

Malamin Hausa yana da ƙofa ta musamman a nan. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa sun shigo Hausa ne ta hanyar Barbarci, haka ma sarautun Galadima da Ciroma da Yarima. Gwani daga goni yake, kuma har yau idan aka ce almajiri ya tafi gabas an san inda ake nufi. Labarin Bayajida ma ta Barno ya biyo kafin ya isa Daura. Ke nan tarihin Barno yana cikin bakin kowane mai jin Hausa.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, masu tsara manhaja tare da sassan Tarihi na jami'o'in da ke Maiduguri su fitar da ɗan ƙaramin jagora ga malamai, mai ɗauke da taskokin da aka tantance, da jadawalin sunaye da mabambantan rubutunsu, da shekarun da aka amince a yi amfani da su a jarrabawa.

Na biyu, a sauke muhimman littattafai da taswirori sau ɗaya, a zuba su a katin memori a raba wa makarantu, yadda za a yi aiki da su ko babu intanet. Akwai tsarin Kiwix da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da data ba.

Na uku, a zaɓi gajerun nassoshi daga Bin Furtuwa da Ali Eisami da Nicholas Said da matafiya, a fassara su da Hausa da Barbarci da Bura. Labarin Dorugu kuwa gyaran ƙa'idar rubutu kawai yake buƙata ya shiga aji. Tunda littattafan ƙarni na 19 sun fita daga haƙƙin mallaka, kuɗin aikin bai wuce na fassara da ɗab'i ba.

Na huɗu, kwalejojin ilimi da ke Maiduguri da Bama da Waka-Biu su sa tace bayanan intanet da ɗaukar tarihin baka a cikin horon malaman Tarihi da na harsuna.

Na biyar, abin da ɗalibai suka tattaro daga dattawa a adana shi a wuri fiye da ɗaya, a kuma sa wanda masu shi suka yarda a intanet. Game da abubuwan da suka faru daga 2009 zuwa yau, a yi takatsantsan, domin a cikin kowane aji akwai marayu da 'yan gudun hijira. Kada a tilasta wa yaro ba da labarin abin da ya same shi, kuma kada a wallafa sunan kowa ba da yardarsa ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa malamin da ke Mafoni yana iya buɗe Alƙur'anin Barno na 1669, da labarin Dorugu, da taswirar Barth, duk a wayarsa, abin da a shekarun baya sai wanda ya je Kaduna ko Landan yake gani. Ta kuma nuna cewa waɗannan taskoki sun karkata ga fada da baƙi, sun bar talakawa da mata da al'ummomin kudancin jihar a baya, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke cikin harshen da yaro ke ji. Aikin da ke gaban malamai da masu tsara manhaja kashi biyu ne: su koya wa ɗalibi tambayar wanda ya rubuta abin da yake karantawa, su kuma taimaka masa ya rubuta abin da ba a riga an rubuta ba. Kashi na biyu shi ya fi gaggawa. Littafin Alexander zai jira a taskarsa shekara hamsin nan gaba, amma dattawan da suka ji labarin kafa Yerwa daga bakin waɗanda suka gani da idonsu kullum raguwa suke yi.